Zuwa da 60, dawowa da 40: me ya sa amsar ba 50 ba ce?

Direban Layin Bauchi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga malaman lissafi, kuma don Allah a yi mini bayani irin wanda za a yi wa mutumin da bokonsa ya tsaya a aji biyu na sakandare.

Ni direba ne. Shekara 19 ke nan ina lodi a tashar Bauchi Road a nan Jos, yawanci Jos zuwa Bauchi, in an samu shata kuma in leƙa Abuja. Ina da yarinya 'yar aji uku a ƙaramar sakandare, sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Mama nake ce mata. Bana za ta rubuta jarrabawar fita. Ranar Talata da daddare na dawo, ina cin tuwo a ɗaki saboda sanyi, ta shigo da littafinta ta durƙusa ta ce, "Baba, an ba mu aikin gida, kuma na mota ne, na san za ka sani." Ta karanta da Turanci, ta fassara mini. Wai mota ce ta tashi daga wani gari zuwa wani, tsakaninsu kilomita 120. Ta je da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo da gudun kilomita 40 a awa. Mene ne matsakaicin gudunta a tafiyar gaba ɗaya?

Ko hannuna ban tsame daga kwano ba na ce mata 50. Sittin da arba'in ɗari ke nan, a raba biyu, hamsin. Ta ɗan yi jim, ta ce, "Baba, ka tabbata?" Na ce, "Mama, tun ba a haife ki ba nake kallon maleji." Ta rubuta ta tafi.

Ranar Alhamis na tarar da littafin a kan sallayata, a buɗe. Malaminsu ya soke 50 ɗin da jan biro ya rubuta 48 a gefe. Yarinyar ba ta ce mini komai ba. Uwarta ce ta faɗa mini daga baya cewa ta yi kuka, kuma ba don maki ba. Ashe tun da safe ta gaya wa ƙawayenta cewa amsarta ce daidai, domin babanta direba ne kuma shi ya faɗa mata. Wallahi abin nan ya tsaya mini a rai, kwana biyu ina juya shi ina tuƙi.

Na tambayi abokan aikina a tasha. Mutum shida, har da kamasho, kowa 50 ya ce. Wani ya ce malamin ne ya yi kuskure, in je makarantar in nuna masa. Ni kuwa ba zan je in ƙaryata malami a kan abin da ban sani ba, kuma ba na so in ce wa yarinya ta haddace 48 kawai ta wuce. Hanya ɗaya ce, nisa ɗaya ne, zuwa da dawowa. To ina biyun nan ta shige? Na fi son in gane da kaina, in zaunar da ita in yi mata bayani da bakina.

Malamar Lissafi, Bukuru ta amsa:

Wa alaikumus salam Baban Mama. Allah ya saka da alheri da ba ka je ka tayar wa malamin nan da hankali ba, domin 48 ɗin ita ce daidai. Amma ka kwantar da hankalinka, duk shekara sai na ga fiye da rabin ajina sun rubuta 50 a irin wannan tambaya, har da masu ƙoƙarin cikinsu.

Ka ajiye maleji tukuna, ka ɗauki agogo.

A zuwa, motar tana cin kilomita 60 duk awa. Kilomita 120 awa nawa za ta ɗauke ta? Awa 2. A dawowa tana cin 40 duk awa. Awa ta farko 40, ta biyu 80, ta uku 120. Awa 3 ke nan. To motar nan ta yi tafiyar kilomita 240 a cikin awa 5. In ka raba 240 gida 5, kowace awa ta tashi da 48. Matsakaicin gudu ba komai ba ne illa wannan: duk nisan da aka yi, a raba shi da duk lokacin da aka ɓata.

Biyun da kake nema kuwa ga inda ta shige. Nisan ɗaya ne, gaskiyarka, amma lokacin ba ɗaya ba ne. Direban ya yi awa 2 kacal yana gudun 60, ya yi awa 3 cur yana jan jiki da 40. Tafiyar hawainiyar ta fi daɗewa, saboda haka ita ta fi rinjaye, ta janyo amsar zuwa wajenta.

Bari in kai ka kasuwar Farin Gada. A ce ka sayi tumatir kwando 2, kowane naira dubu 6. Ka matsa gaba ka samu mai sauƙi, ka sayi kwando 3, kowane dubu 4. Nan ka kashe dubu 12, can ma dubu 12. In aka tambaye ka nawa kowane kwando ya tsaya maka, ba za ka ce dubu 5 ba. Za ka ce na kashe dubu 24 a kan kwando 5, kowane ya kama 4,800. Babu ɗan kasuwar da zai yi kuskure a nan, domin yana ganin kwandunan a gabansa, ya san mai arha ya fi yawa. A tambayar Mama, awoyin su ne kwandunan. Matsalar dai ba a rubuta su a takarda ba, sai ka nemo su da kanka.

In har yanzu zuciyarka ba ta natsu ba, gwada wannan. A ce daga Terminus zuwa wani wuri a nan Bukuru kilomita 15 ne. Ka zo da mota kana 60, minti 15 ka iso. Mota ta lalace, ka koma da ƙafa kana kilomita 5 a awa, awa 3 ke nan. In ka haɗa 60 da 5 ka raba biyu, za ka ce wai matsakaicin gudunka ya haura 32. Ƙafafunka ba za su yarda ba. Kilomita 30 ka yi a cikin awa 3 da kwata, wato kilomita 9 da 'yan kai a awa.

Akwai lokacin da 50 ɗinka za ta zama daidai. Da cewa aka yi motar ta yi awa ɗaya tana 60, ta ƙara awa ɗaya tana 40, to kilomita 100 ke nan a awa 2, amsa 50. In lokacin ne ya zo ɗaya, haɗa ka raba biyu. In nisan ne ya zo ɗaya, sai an bi ta agogo. Masu shirya jarrabawa sun san wannan sarai, shi ya sa in tambayar ta zaɓi ce za ka ga sun ajiye 50 a cikin amsoshin, tana jiran mai gaggawa.

Wani abu da nake so ka sa Mama ta gwada da hannunta: ta canza 120 ɗin zuwa 240, ta sake lissafin. Awa 4 a zuwa, awa 6 a dawowa, kilomita 480 a awa 10. Za ta ga 48 ta sake fitowa. Ko wane nisa ta sa, muddin gudun 60 ne da 40, amsar ba ta motsi. Yara suna jin daɗin wannan in su suka gano shi da kansu.

Ɗalibi daga Kubwa ya amsa:

Baba sannu da ƙoƙari. Malama ta gama magana, ni dai ƙari zan yi da abin da ya taimake ni lokacin da nake shirin WAEC.

Ta zana alwatika, ta raba shi gida uku. Nisa a sama, gudu da lokaci a ƙasa gefe da gefe. Duk wanda ake nema sai ta rufe shi da yatsa. In ta rufe nisa, saura gudu sau lokaci. In ta rufe lokaci, saura nisa a kan gudu, wato a raba. In ta rufe gudu, nisa a raba da lokaci. Shi ke nan.

Amma abin da ya fi kayar da ni ba wannan ba ne, minti ne. Awa minti 60 ce, ba 100 ba, kalkuleta kuwa ba ruwanta. Misali jirgin ƙasan da ke bi ta nan Kubwa, wanda aka buɗe a 2016. Daga tashar Idu zuwa Rigasa a Kaduna kusan kilomita 186 ne. A ce ya yi tafiyar a awa 2 da minti 30. In ka danna 2.30 za ka samu kusan 81, kuma kuskure ne. Minti 30 rabin awa ne, saboda haka 2.5 za ka danna, amsa 74.4. Minti 15 shi ne 0.25, minti 45 shi ne 0.75. Haka in kalkuleta ta ba ka awa 2.4, ba awa 2 da minti 40 ba ne. Ka ninka 0.4 sau 60, minti 24 ke nan. Na taɓa rasa tambaya sukutum a jarrabawar gwaji saboda wannan, alhali duk sauran aikin daidai na yi.

Akwai kuma gajeriyar hanya ta irin tambayar Mama: a ninka gudu biyun, a ƙara ninkawa sau 2, a raba da jimlarsu. 60 sau 40 sau 2 shi ne 4,800, a raba da 100, 48.

Malamar Lissafi, Bukuru ta ƙara da cewa:

Ɗana, maganar minti da ka kawo ta fi komai amfani, Allah ya yi albarka. Amma gajeriyar hanyar nan kada a ba yarinya ita yanzu. Ba ta aiki sai in nisan zuwa da na dawowa ɗaya ne. Ranar da aka ce mota ta yi kilomita 90 da wani gudu, ta yi 30 da wani, yaron da ya haddace ta zai afka rami yana murna. Alwatikan ma ina koyar da shi, sai dai na lura yara suna riƙe zanen su manta ma'anar. Na fi son yarinya ta tsaya ta tambayi kanta: kilomita nawa aka yi duka, awa nawa aka ɓata duka? Wadda ta saba da waɗannan tambayoyi biyu, ko ta manta zane a ɗakin jarrabawa za ta fita.

Tsohon Direban Tanka, Gangare ya amsa:

Ƙanena, ni ma da ni ka tambaya 50 zan ce maka, kuma na fi ka daɗewa a kan sitiyari. Jikana ne ya karanta mini bayanin Malama, na sa ya maimaita sau biyu. Da ya zo wajen awa 3 ɗin nan sai na tuna Hawan Kibo.

Duk wanda ya taɓa hawo shi da lodi daga wajen Akwanga ya san abin da nake nufi. Ka sako giya ƙasa, inji na kuka, kana tafiya kamar mai tura baro, yaron mota yana riƙe da waigi ko da za ta ja baya. Kana isa sama sai zuciya ta ce maka, to yanzu taka ta, ka rama lokacin da ka ɓata. Shekara da shekaru ina ganin direbobi suna wannan ramuwar, kuma ban taɓa ganin wanda ya rama ba. Yanzu na gane dalili. Minti 30 da dutse ya ci ya riga ya ci, gudun da za ka yi a shimfiɗaɗɗiyar hanya 'yan mintoci kaɗan zai maido maka.

Na sa yaron ya buga mini a waya da kilomita 120 ɗin nan na littafin 'yarka. Mai tafiya 40 awa 3. Mai 60 awa 2, ya ci ribar awa guda cur da ƙarin 20 kawai. Mai 80 awa ɗaya da rabi. Mai 100 awa ɗaya da minti 12. Mai 120 awa ɗaya. Ka duba da kyau: daga 100 zuwa 120 shi ma ƙarin 20 ne, amma minti 12 kaɗai ya samu. Minti 12! Ko shayi ba ka gama sha ba a tasha. A kan wannan ne yaro zai ƙure maleji da rayuka a bayansa.

Ya kuma buga mini wani. Mota mai gudun 90, mita 25 take ci duk sakan ɗaya. Ka sunkuya ka duba waya na sakan 2, ka yi mita 50 ido rufe, kusan rabin filin ƙwallo. Dokar hanya ta hukumar kiyaye haɗurra ta ce motar haya kada ta wuce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Da muna ganin takura ce kawai. Na wanke gawar abokan aiki da hannuna, ba ɗaya ba, ba biyu ba, shi ya sa nake roƙonka, in ka gama yi wa Mama bayani ka kai lissafin nan tasha ka nuna wa yaran da ke tasowa.

Kuma kada ka ji nauyin komawa wajen 'yarka ka ce mata ka yi kuskure. Girmanka ba zai ragu ba.

Direban Layin Bauchi ya dawo:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Malama, misalin tumatir ɗin nan shi ya buɗe mini kai. Ina karantawa a cikin mota ina jiran layi ya zo kaina, sai da na ce "Allahu Akbar" a fili har fasinja ta waiwayo. Yaya na Gangare, na ji maganarka, kuma na yi yadda ka ce.

Daren Juma'a na kira Mama na ce ta zo da littafin. Na ce mata, "Malaminku ne da gaskiya, ni ne na yi gaggawa, ki yafe mini." Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai Baba. Na ɗebo ƙwayar wake a kicin, na jera biyu a gefe guda na ce waɗannan awoyin zuwa ne, kowace tana ɗauke da 60. Na jera uku a ɗaya gefen, kowace da 40. Na ce ta tara. Ta ce 240. Na ce wake nawa ne? Kafin in rufe baki ta ce, "Baba, 48!" Ta gwada da 240 ɗin da Malama ta ce, ta sake samun 48, ta tashi da gudu ta je ta nuna wa uwarta.

To ni kuma sai na ce bari in gwada a kan hanyata. Ranar Asabar na maida ƙaramin lissafin kilomita da ke ƙasan maleji zuwa sifili kafin in fita daga tasha, na rubuta lokaci a bayan takardar fasinja. Na tashi 7:05 na safe. Hanya ta yi kyau, na wuce Tilden Fulani, Magama, Nabordo, Zaranda, ban tsaya ba sai a shingayen jami'an tsaro da kuma inda wata tsohuwa ta sauka. Na sauke fasinja a Bauchi 9:05. Motata ta nuna kilomita 130. Awa 2 daidai, wato 65. Abin ya ba ni mamaki, domin a wurare da yawa allura tana kan 80, kuma da wani ya tambaye ni da nawa na je, 80 zan ce masa ba tare da na yi niyyar ƙarya ba. Ashe ramuka da shinge da shiga gari suna cin nasu ban sani ba.

Dawowa kuwa sai a hankali. Na baro Bauchi 2:30 na rana. Tun daga Nabordo hadari ya haɗu, kafin Magama ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ga tirela biyu a gabana ba halin wucewa. Muka tsaya muka yi la'asar, minti 20 na duba. Ban shigo tasha ba sai 5:45.

Da daddare muka zauna da Mama da takardar. Na ce dawowa awa 3 da minti 15, na ɗauki waya zan danna 3.15, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Baba, kwata ne, 3.25 za ka sa." Ɗan'uwa na Kubwa, ka ji aikinka, domin na karanta mata abin da ka rubuta. Muka raba 130 da 3.25, ya ba mu 40 cif. Zuwa 65, dawowa 40. Da lissafina na da ne, 52 da rabi zan ce. Muka haɗa kilomita 260, muka haɗa awa 5 da kwata, ta raba da hannu a takarda, ta samu 49 da rabi. Takardar tana nan na ninke na sa a aljihun mota, kuma na riga na nuna wa mutum uku daga cikin shidan nan. Kamasho dai har yanzu yana gardama.

Saura abu ɗaya da muka yi saɓani da ita, Malama. Minti 20 ɗin da muka tsaya sallah, motar ba ta tafiya. Mama ta ce a cire shi, domin ba a gudu a tsaye. In aka cire, dawowar ta zama awa 2 da minti 55, gudun ya haura 44. Ni kuma na ce fasinja bai san wannan ba, shi dai ya san ƙarfe nawa ya shiga, ƙarfe nawa ya sauka. In irin wannan ta fito a jarrabawa, wanne ake so ta rubuta?

Malamar Lissafi, Bukuru ta amsa:

Baban Mama, wannan karon kai ne da gaskiya. In aka ce matsakaicin gudu na tafiyar gaba ɗaya, tsayuwa tana ciki, daga tashi har isowa, 40 ɗinku ita ce amsa. Ba a cire minti 20 ɗin sai in tambayar da kanta ta ce a nemo gudun motar a lokacin da take tafiya kawai, to a nan lissafin Mama ne zai yi aiki. Ka ce mata ta riƙa ja wa kalmomin tambaya layi da fensir kafin ta taɓa lamba ko ɗaya.

Ga kuma aikin gida daga wajena, ku yi tare. Kai ka tashi daga Jos da 7:00 kana 70, abokinka ya taso daga Bauchi a daidai wannan lokaci yana 60, tsakaninku kilomita 130 ɗin nan da motarka ta nuna. Da ƙarfe nawa za ku yi wa juna fitila a hanya, kuma kilomita nawa daga Jos? Kada ka faɗa mata amsa ko ka riga ta ganowa, bar ta ta jera wakenta.